Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni: waƙar Nijar na bukatar kamfanin faifai na gida

Tun daga shekarar 2010 zuwa yau, kiɗan ƙasar Nijar ya kai inda bai taɓa kaiwa ba. Bombino, ɗan Agadas, ya fitar da faifansa mai suna Agadez a 2011, ya biyo da Nomad a 2013, sa'an nan Deran na 2018 ya shiga jerin faya-fayin da aka zaɓa domin takarar kyautar Grammy ta Amurka, abin da wani ɗan Nijar bai samu ba kafin shi. Ƙungiyar Tal National ta Yamai ta fitar da Kaani a 2013. Mdou Moctar, ɗan jahar Tawa, ya fitar da Afrique Victime a 2021, faifan da jaridun Turai da Amurka suka yaba ƙwarai. Wannan abin alfahari ne ga ƙasa baki ɗaya. Amma duk wanda ya juya bayan waɗannan faya-fayi ya karanta sunan kamfanin da ya buga su, zai tarar da Cumbancha, Nonesuch, Partisan da Matador, dukansu na Amurka, ko kuwa FatCat na Ingila. Babu ko ɗaya cikinsu mai biro a Yamai, balle Maraɗi ko Damagaram.

Waɗannan kamfanoni ba su yi laifi ba. Sun ji kiɗa mai daɗi, sun zuba kuɗinsu, sun kai shi kasuwa. Abin dubawa shi ne dalilin da ya sa aikin zaɓen waƙa, da ɗaukarta, da ajiyarta, da sayar da ita, ya zama kusan duk wani ke yi wa ƴan ƙasa. Lokaci ya yi da ƴan kasuwa da matasa masu ilimi za su kafa kamfanonin faifai masu zaman kansu a cikin gida. Abin da aikin ke bukata tun farko ya fi kusa da hannun ɗan ƙasa fiye da yadda ake zato: jari kaɗan, takardar yarjejeniya wadda kowa ya fahimta, da littafin lissafi na gaskiya.

Mene ne aikin kamfanin faifai?

Mutane da yawa suna haɗa ɗakin ɗaukar murya da kamfanin faifai, alhali kuwa sana'o'i biyu ne daban. Akwai ɗakunan ɗaukar murya a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Agadas, kuma matasan da ke cikinsu sun iya aikinsu. Sai dai mafi yawansu aikin mai injin niƙa suke yi: mawaƙi ya kawo hatsinsa, ya biya kuɗin niƙa, ya kwashi garinsa ya tafi. Daga nan ruwan mai inji ya ƙare. Ko waƙar ta sayu ko ba ta sayu ba, ko ta ɓace bayan shekara biyu, ba shi da asara kuma ba shi da riba.

Kamfanin faifai kuwa ya fi kama da ɗan kasuwar da ke ba manomi iri da taki, ya gina rumbu, ya kai amfanin gona kasuwa, sa'an nan su raba abin da aka samu. Shi ke zaɓen mawaƙin da zai yi aiki da shi. Shi ke biyan kuɗin ɗauka da gyaran sauti da zanen bango. Shi ke ajiye asalin ɗaukar, wadda daga gare ta ake kwafar duk sauran, watau uwar faifai. Shi ke kai waƙar ga masu saye da gidajen radiyo da dandalin intanet. Daga ƙarshe shi ke karɓo kuɗi ya ba kowa rabonsa. Idan aka ce kamfani mai zaman kansa ne, ana nufin ba ya ƙarƙashin manyan kamfanoni uku da suka mamaye kasuwar waƙa ta duniya, watau Universal, Sony da Warner, kuma ba na gwamnati ba ne.

Wajibi ne kuma a san cewa haƙƙi biyu ne ke cikin kowace waƙa da aka ɗauka. Na farko haƙƙin wanda ya tsara kalmomi da karin waƙar. Na biyu haƙƙin da ke kan ɗaukar kanta, wanda ya shafi masu rerawa da makaɗa da kuma wanda ya biya kuɗin aikin. Mawaƙi yana iya zama mai waƙarsa, amma uwar faifan tana hannun wani. Da yawa daga cikin rigingimun da ke tsakanin mawaƙa da kamfanoni a duniya, tun zamanin faifan garmaho, a kan wannan haƙƙi na biyu suke tasowa.

Yadda mutum ɗaya ya fara

Wanda yake ganin sai mai miliyoyi ke iya kafa kamfanin faifai, ya dubi labarin Sahel Sounds, kamfanin da ya fi kowane buga kiɗan Nijar a waje cikin shekarun baya. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mutumin garin Portland, ya zo yawo Afirka ta Yamma a 2008 da ƴar na'urar ɗaukar murya wadda ke shiga jaka. Ya zauna a Muritaniya da Mali da Nijar. A garin Kidal ya lura cewa matasa suna musayar waƙoƙi daga wayar salula zuwa wayar salula ta hanyar Bluetooth da katin memori, ba tare da kanti ko kamfani ba. Ya tattara waɗannan waƙoƙi, kuma a 2011 ya fitar da wasu cikinsu a faifai mai suna Music from Saharan Cellphones.

Aikin da ya fi ba shi wahala shi ne neman masu waƙoƙin, domin yawancinsu ba su ɗauke da sunan kowa. Ya yi ta bin sawu da tarho da saƙo har ya gano su, ya nemi izininsu, ya biya su. Ɗaya daga cikinsu shi ne Mdou Moctar, wanda ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008, faifan da ya bazu a wayoyin Sahel ba tare da ya shiga kanti ba. Sahel Sounds ta fitar masa da Afelan a 2013 da Ilana a 2019, kafin ya koma kamfanin Matador. Ita ce kuma ta fitar da faifan farko na Les Filles de Illighadad a 2016, ƴan matan wani ƙauye na jahar Tawa, a ƙarƙashin jagorancin Fatou Seidi Ghali. An yi ɗaukar a fili, a ƙauyensu, ba cikin ɗaki mai na'urori ba. Haka nan ta fitar da faifan farko na Etran de l'Aïr, makaɗan bukukuwan aure na Agadas, a 2018. A 2020 kamfanin ya yi wani gwaji mai suna Music from Saharan WhatsApp: kowane wata wata ƙungiya ta ɗauki kiɗanta da wayar salula, ta aika ta WhatsApp, a sa a kasuwar intanet ta Bandcamp, kuɗin da aka samu kuma ya tafi ga makaɗan.

Ƙa'idar da aka san kamfanin da ita ita ce raba riba rabi da rabi tsakaninsa da mawaƙi. Jarinsa na farko bai wuce na'urar jaka da kuɗin mota da haƙurin neman mutane ba. Duk abin da wannan baƙo ya sha wahala kafin ya samu, watau harshe, da sanin gari, da sanin wane ne ɗan wane, ɗan Tawa ko ɗan Tasawa da shi aka haife shi.

Abin da baƙo ba zai yi ba

To, in baƙi na yin aikin da adalci, me ya sa sai an yi na gida? Dalili na farko shi ne kunne. Kowane kamfani yana zaɓen abin da masu sayensa ke so. Masu sayen faifai a Turai da Amurka sun saba da gita, saboda haka kiɗan gita na Abzin da Azawak shi ya fi samun hanya. Wannan alheri ne ga masu shi. Amma goge da gurumi da kalangu da kuntigi, da algaita da kakakin fadar Damagaram, da waƙoƙin zabiyoyi, da kiɗan noma da na kokowa, waɗanda kalmominsu ne ƙarfinsu, ba su da mai ɗauka sai wanda ke jin abin da suke faɗi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Dalili na biyu shi ne ajiya. A 1978 Mamman Sani ya shiga ɗakin ɗaukar murya na gidan radiyon ƙasa da ogan ɗinsa mai lantarki, ya ɗauki kiɗan da jama'a suka daɗe suna ji tsakanin shirye-shiryen radiyo da telebijin. An yi niyyar fitar da shi a kaset tare da ma'aikatar al'adu, amma kaset kaɗan ne suka fita. Shekara 35 aikin yana kwance, sai a 2013 Sahel Sounds ta sake buga shi da sunan La Musique Électronique du Niger, duniya ta san shi. Da a ce wannan kaset ya lalace kafin a gano shi, da shi ke nan. Mamane Barka, wanda ya koyi kiɗan biram na masuntan tafkin Cadi domin kada ya ɓace, wani kamfanin Landan ne ya buga faifansa a 2009, kuma ya rasu a 2018. A 1976 aka fara bikin matasa na ƙasa, a 1987 kuma aka fara gasar Ɗan Gurmu a Tawa. Waƙoƙin da aka rera a waɗannan tarurruka suna da yawa ƙwarai, amma mai nemansu da kuɗinsa a hannu da wuya ya sami inda zai saya. Kaset yana cin ƙura da zafi, waya tana faɗawa ruwa, tsoho yana rasuwa da abin da ke kansa.

Dalili na uku shi ne kuɗi da sana'a. Kowane faifai da aka buga yana ciyar da mai gyaran sauti, da mai hoto, da mai zanen bango, da mai fassara, da mai lissafi, da mai talla. In an buga shi a waje, waɗannan ayyuka a waje suke tsayawa. Almeida, shugaban Tal National, ya gane haka: ya kafa ɗakin ɗaukar murya a Yamai, ya gayyato masanin sauti daga Shikago domin a yi aikin a gida, kuma ƙungiyar ta riƙa sayar da faya-fayinta a titunan birnin. Wannan rabin hanya ce mai kyau. Sauran rabin shi ne kamfanin da zai yi wa mawaƙa goma ko ashirin irin wannan aiki, ya riƙe shi shekara da shekaru.

Na gwamnati ko mai zaman kansa?

Wasu za su ce wannan aikin hukuma ne. Ƙasar Gine ta gwada haka. A zamanin Seku Ture gwamnati ta kafa kamfanin Syliphone, wanda ya buga faya-fayin garmaho fiye da 150, ya sa aka san Bembeya Jazz a Afirka duka. Aiki ne babba wanda har yau ake cin amfaninsa. Amma kamfanin da gwamnati ta haifa, da ita yake rayuwa. Waƙoƙi da yawa sun zama yabon jam'iyya, kuma da shugaban ya rasu a watan Maris na 1984, kamfanin bai daɗe ba ya tsaya. Sai tsakanin 2008 da 2013 wani mai bincike ɗan Ostareliya, Graeme Counsel, da taimakon babban ɗakin karatu na Ingila, ya kwafe waƙoƙi fiye da 9,000 daga ma'ajiyar gidan radiyon Konakiri domin kada su lalace.

A gefe guda kuma akwai Ibrahima Sylla, ɗan kasuwa ɗan Senegal, wanda ya kafa kamfanin Syllart a farkon shekarun 1980. Shi ya fitar da Soro na Salif Keita a 1987, shi ya haɗa ƙungiyar Africando. Gwamnatoci sun zo sun wuce, kamfanin yana nan. Da ya rasu a 2013, ƴarsa Binetou Sylla ta ci gaba da riƙonsa, domin abin da ya bari dukiya ce mai takardu wadda ake gada kamar gida ko gona.

Batun jari kuma, labarin Motown ya isa misali. A watan Janairu na 1959 wani baƙar fatar Amurka mai suna Berry Gordy, wanda ya taɓa aikin ƙira motoci a Detroit, ya ranci dalar Amurka 800 daga asusun da danginsa ke tarawa, irin adashin da kowace unguwa ta sani. Da wannan ya fara. A 1988 ya sayar da kamfanin a kan dalar Amurka miliyan 61. Ba kowa zai zama Berry Gordy ba, amma hanyar da ya bi ta samun jarin farko tana nan a kowane gari na Nijar.

Masu cewa babu riba

Magana mafi ƙarfi da ake yi a kan wannan sana'a ita ce: wa ke sayen waƙa yau? Da can masu kwafar kaset ne suka cinye ribar, yanzu kuma masu tura waƙa a katin memori a bakin kasuwa da tasha. Makaɗi da kansa ya fi dogara ga biki da suna da karin da ake yi masa a fili, faifai kuwa talla ce kawai. Wannan magana gaskiya ce, kuma wanda ya shiga sana'ar yana jiran ya yi arziki da sayar da faifan sidi kaɗai zai yi asara.

Sai dai kasuwar ta sake kama. Ƙungiyar kamfanonin faifai ta duniya, IFPI, ta bayyana cewa a 2023 cinikin waƙoƙin da aka ɗauka ya kai dalar Amurka biliyan 28.6, kuma kashi 67 cikin 100 ya fito ne daga saurare ta intanet. A wannan shekara Afirka kudu da Sahara ita ce yankin da ya fi saurin ƙaruwa, da kusan kashi 25 cikin 100, ko da yake mafi yawan kuɗin daga Afirka ta Kudu ya fito. Abin da YouTube ko Spotify ko Boomplay ke biya a kan saurare guda kaɗan ne ƙwarai, amma ba ya tsayawa, kuma yana zuwa ne ga wanda ya yi rajistar waƙar da sunansa. Waƙoƙin makaɗan Nijar da yawa suna kan intanet yau, wasu ne suka ɗora su, mai waƙar bai sani ba. Kamfani mai takardu shi ke da bakin cewa a sauke, ko a juyo da kuɗin.

Masu jin Hausa sun wuce miliyan 50, daga Nijar da Najeriya har Gana da Kamaru da Cadi da Sudan. Kano, cibiyar finafinai da waƙoƙin Hausa, ta fi kusa da Maraɗi da Damagaram fiye da Yamai. Kamfanin da aka kafa a ɗaya daga cikin waɗannan birane biyu yana bakin babbar kasuwa tun ranar farko. Bayan saurare ta intanet akwai kuɗin da gidajen radiyo da telebijin ke biya, da waƙar fim, da ta talla, da waƙar jiran kira ta kamfanonin salula, da wasannin dandali. Masu tura waƙa ma ana iya mai da su dillalai: a ba su sabuwar waƙa da wuri, mai sauti mai kyau, a kan kuɗi sananne, maimakon a tsaya ana faɗa da su ba a ci nasara ba.

Akwai kuma hanya mai muhimmanci ga waƙar da ta sami masoya a waje. Kamfanin gida yana iya ba kamfanin waje hayar faifai na shekara 5 ko 7, a ƙasashe sanannu, sa'an nan haƙƙin ya dawo. Duk manomi ya san bambancin ba da gona haya da sayar da ita. Uwar faifai ma haka take.

Matakan farko

Mataki na farko shi ne rajista. Nijar tana cikin ƙasashen da ke bin dokokin kasuwanci na OHADA, kuma waɗannan dokoki sun ba da dama ga mutum ɗaya ya yi rajistar sana'arsa, ko mutane kaɗan su haɗu su kafa ƙungiyar neman arziki da ake kira GIE, wadda doka ba ta tilasta mata jari ba. Da lambar rajistar kasuwanci da lambar haraji ake buɗe asusun banki da sunan kamfani, kuma sai da asusu kuɗin waje ke shigowa. Sunan kamfani da tambarinsa ana kare su ta hukumar OAPI mai cibiya a Yawunde.

Mataki na biyu, wanda ya fi kowane nauyi, shi ne takardar yarjejeniya. Ta faɗi waƙoƙi nawa ne, wa ya tsara su, wa ke riƙe da uwar faifai kuma har shekara nawa, kashi nawa ne rabon kowa, yaushe ake lissafi, kuma wa zai karɓa in mawaƙi ya rasu. Kada a manta da ƴan amshi da makaɗan da ke bayansa, domin su ne aka fi zalunta. Makaɗan gargajiya da yawa ba su karanta Faransanci. Saboda haka a rubuta takardar da Hausa, ko Zabarmanci, ko Tamashek, ko Fulatanci, ko Barbarci, a karanta ta da ƙarfi gaban shaidu biyu, a ɗauki muryar karatun da amincewar mai waƙa, kowa ya tafi da kwafinsa. A nan waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci ke da babban aiki, domin su ne ke iya rubuta wa makaɗin garinsu takarda da harshen da yake ji, su kuma duba masa lissafi.

Mataki na uku shi ne littafin lissafi. A ɗauki misali. Kamfani ya kashe jika 600 wajen ɗauka da gyara da talla. A cikin shekara biyu faifan ya kawo miliyan 1. In an cire jika 600 na aiki, saura jika 400, kamfani ya ɗauki 200, mawaƙi da mutanensa su ɗauki 200. Daga nan duk abin da ya shigo riba ce ta rabawa, ko bayan shekara 20. In kuwa mawaƙin ya sayar da waƙoƙinsa gaba ɗaya a kan jika 250 a rana guda, zai ga kamar ya fi samu, amma shi da ƴaƴansa sun fita daga lissafi har abada. Kamfanin kirki yana nuna wa mawaƙi wannan littafi sau biyu a shekara, ko da abin da ke ciki dala 100 ce. Amana a wannan sana'a ita ce jarin da ba a ranta a banki, kuma labarin kamfanin da ya ci haƙƙin makaɗi guda yana isa kunnen sauran kafin kasuwa ta ci.

Mataki na huɗu shi ne rajistar waƙoƙi a hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA, da samar wa kowace ɗauka lambar shaida ta duniya da ake kira ISRC. Dillalan intanet irin su TuneCore da CD Baby suna ba da wannan lamba, su kuma kai waƙa dandali da yawa a lokaci guda. Mataki na biyar shi ne ajiya: kwafi uku na kowace uwar faifai, a wuri biyu daban, tare da takarda mai faɗin ranar ɗauka da wurin da sunan duk wanda ya sa hannu ko baki.

Daga ƙarshe, a fara da kaɗan. Mawaƙi biyu ko uku na gari ɗaya, waɗanda mai kamfani ya san kiɗansu kuma ya yarda da halinsu, sun fi ashirin da ba zai iya ɗauka ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin da ya rataya a wuyan hukuma

Ba a neman gwamnati ta zama mai kamfani. Ana neman ta share hanya. A wajen doka, Nijar ta daɗe da yin nata. Ta shiga yarjejeniyar Berne a 1962, wadda ta tanadi kare aikin mawallafi aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa. Tana kuma cikin ƙasashe shida na farko da yarjejeniyar Roma ta fara aiki a kansu a watan Mayu na 1964, yarjejeniyar da ke kare masu rerawa da masu buga faifai da gidajen radiyo. Dokar ranar 23 ga Disamba 2010 ta haɗa haƙƙin mawallafi da haƙƙoƙin da ke maƙwabtaka da shi da kuma al'adun gargajiya. Abin da ya rage shi ne doka ta sauko daga takarda zuwa kasuwa.

Ya kamata a tabbatar cewa gidajen radiyo da telebijin, na gwamnati da masu zaman kansu, da otel-otel da wuraren shaƙatawa, suna biyan abin da doka ta ɗora musu, kuma suna rubuta sunan waƙoƙin da suka sa, domin kuɗin ya je ga mai shi. Ya kamata makaɗin Gure ko Madawa ya iya yin rajista a jaharsa da harshensa. Cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya da ke Yamai tana iya ƙara darasin gyaran sauti da na yarjejeniya da lissafi. Duwan tana iya sassauta kuɗin shigo da na'urorin ɗaukar murya. Mafi girma duka, ma'ajiyar Muryar Sahel tana ɗauke da muryoyin makaɗa tun farkon mulkin kai. In aka kwafe su zuwa na'urar zamani, aka ba kamfanonin gida izinin buga su bisa sharaɗin biyan magada, ƙasa ta tsira da tarihinta, iyalai sun sami haƙƙinsu, sababbin kamfanoni kuma sun sami abin fara ciniki.

Ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram da Tawa sun san yadda ake kai albasa Abijan, da yadda ake kai wake da dabbobi Kano da Legas. Waƙa ma haja ce, kuma ba ta ruɓewa a hanya in an iya ajiyarta. Makaɗan suna nan, masu saurare suna nan, doka tana nan. Saura mutum biyu ko uku a kowace jaha da za su sayi na'ura, su buɗe littafi, su je gidan tsohon makaɗin garinsu da takarda a hannu tun yana da rai da murya. Allah ya ba da ikon yi.